Fitsarin da Medhat Ya Kai Gwaji

"Ni ne ɗan ƙwaya? A gwada ni yau ɗin nan!" Medhat ya daki ƙirji a kotun iyali ta Iskandariyya.

Matarsa Nahla na zaune da ɗaurin karaya a hannu. Tun ranar da ya karya ta ta gudu gidansu, ya riƙe 'yarsu Rawan mai shekara huɗu, ya hana ta ganinta. Shi ne ta kai ƙara a ba ta 'yar, ta ce ɗan ƙwaya ne.

Alƙali ya tura shi gwajin. Medhat ya shiga banɗakin asibiti da 'yar kwalba ɓoye a cikin safa, ya fito yana murmushi.

A zama na gaba alƙali ya duba sakamako. "An samu tiramol."

Medhat ya zabura. "Ƙarya ne, ranka ya daɗe! An sayi likitan nan! Ai fitsarin ma ba nawa ba ne, na Rawan ne!"

Lauyansa ya dafe kai.

Daga bencin baya mahaifiyarsa, Hajja Ne'mat, ta ce a hankali, "Rabi-rabi kawai nake jefa mata a shayi, ɗana, daga na aljihunka. Ba kai ka ce in hana ta kukan uwarta ba?"