Ƙaurin Kifi

Murjanatu ta kwantar da kifin salmon a kasko, ta koma haɗa abin sha na zoɓo da citta da ƙanƙara. Wata biyar ke nan korona ta tsare mijinta Izzuddeen a Kano, ita kuwa tana Dubai tana aikin jinya. Yau jirginsa ya sauka. Har maganin asmarsa ta ajiye masa a gefen faranti.

Ta kurɓi zoɓon, ta ji salam. Ta ƙara citta, duk da haka kamar ruwan famfo.

"Cittar ƙasar nan ba ta da rai," ta ce, ta ja tsaki.

Sai ƙararrawar gobara ta ɗauki kuwwa. Ta waiwaya, hayaƙi ya turnuƙe kicin, kifi ya zama gawayi, taku biyu daga inda take tsaye. Ko ƙauri ba ta ji ba. Haka masu koronar da take jinya ke farawa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Habibti, ni ne! Tun daga lif nake jin ƙauri. Yalla, maza buɗe mana," in ji Izzuddeen, yana dariya yana haki.

Ta kai hannu ga makulli, ta ƙara murza shi sau biyu, ƙofar ta daɗa kulluwa.