Rigakafin Zuma da Madara

Hajiya Gumsu ta shiga adaidaita sahu daga Kwaciri da kwali a cinya, kuma har suka isa Sabon Gari ba ta amsa gaisuwar direban ba. A cikin kwalin gawar Zuma ce, naɗe da tsohon mayafi.

Kyanwoyi biyu gare ta, Zuma da Madara, uwa ɗaya. Tun da autarta ta yi aure gidan ya koma shiru, su ne abokan hirarta. Hanta take dafa musu, ga kwanon kowacce daban. Maƙwabta na dariya, wai Hajiya ta sake sabon goyo. Ita ko a jikinta.

Ranar Litinin ta kai su rigakafi asibitin dabbobi na Dokta Tochukwu, lafiyarsu ƙalau, suna ta wasa da igiyar jakarta. Ya auna su, ya leƙa kunne da haƙora, ya yi wa kowacce allura a ƙeya, ya cika kati. A hanyar komawa ta tsaya kyamis, ta kuma sayi hanta, ta yi musu duk abin da ya kamata. Talata da yamma Zuma ta ƙi abinci. Laraba da hantsi fuska ta kumbura, numfashi sama-sama, kafin azahar rai ya yi halinsa.

Kuma wai ita za a yi wa haka! Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya a sashen rigakafin yara kafin ta yi ritaya. Jarirai nawa suka bi ta hannunta a Fagge? Ta san allurar da ta lalace tun daga launinta. Ta san abin da ɗauke wuta ke yi wa firji, ta kuma san halin masu asibitin kuɗi, ba za su zubar da kwalba ba ko ta kwana uku a zafi. Ranar Litinin ɗin ma ta lura janaretansu a kashe yake. Ta yi shiru ne don kada a ce tsohuwa ta cika iyayi, ga shi shirun ya ja mata.

Ko layi ba ta bi ba. Ta wuce wani mai riƙe da ƙaton kare da wata mata mai aku a keji, ta banka ƙofar, ta dire kwalin a kan tebur.

"Ga aikinka nan. Buɗe ka gani."

Dokta Tochukwu haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ya buɗe mayafin a hankali, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tambaye ta ina ɗayar.

"Tana gida, kuma wallahi ba za ka ƙara taɓa ta ba. Ɗaya ba ta ishe ka ba?"

Daga nan ta buɗe wuta. Ta kira shi mugu, ta kira shi ɗan kasuwa mai farar riga. Ta ce sai ta kai ƙara hukuma an garƙame wurin nan, sai kowa a Kano ya ji. Masu jira suka cika bakin ƙofa. Mai karen ya fara ja da baya, yana duban katin da ke hannunsa.

Likitan ya sa safar hannu, ya ɗaga leɓen Zuma, ya daɗe yana kallon dasashin. Ya matsa tafin ƙafafunta da suka kumbura. Natsuwar nan tasa ta fi komai ƙona mata rai.

Ya ce, "Hajiya, Madara tana cin abinci?"

"Tun jiya ta ƙi. Amma ba ruwanka, ni zan kula da abata. Na fi ka sanin abin da ake yi bayan allura."

Ya buɗe firji ya nuna mata ma'aunin sanyi, ya nuna batirin sola a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauko rajista, kyanwoyi tara aka yi wa daga kwali ɗaya na maganin a makon nan, bakwai suna nan garau. Ta ture littafin har ya faɗi ƙasa. Rajista? Ita za a nuna wa rajista?

Sai ya juyo da kan gawar wajen haske.

"Dubi dasashin nan, ya koma ruwan ƙasa. Ga fuska da ƙafafu a kumbure. Allura ba ta yin haka, Hajiya. Wannan guba ce."

Nan take zuciyarta ta tafi kan maƙwabcinta mai tantabaru, wanda ya taɓa rantsuwa sai ya ga bayan kyanwoyin. Ta miƙe tana gyara mayafi. Yau unguwa za ta ji su.

Likitan ya ce, "Ba irin ta ɓera ba ce. Maganin mutane ne, farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya narka shi, ɗan kaɗan ma kisa ne. Akwai makari in an kawo ta da wuri. Don Allah ki tuna, wa yake shiga gidanki da zai ba su?"

Hajiya Gumsu ta saki mayafin da take gyarawa. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa sallamar uwa daga layin rigakafi ba sai ta ce mata a ba yaro farasitamol saboda zazzaɓin allura, shi ta sayo wa kyanwoyin a kyamis ranar Litinin, kuma da safen nan kafin ta fito, ganin Madara ta yi laushi, cokali biyu ta ɗura mata maimakon ɗaya.