Jan Tambari a Hannun Tabawa

Ni na fara ganin injin gwajin mata nan a duk garinmu, tun yana cikin kwali a bakin kasuwa. Ban san ko bihim ba, amma ranar na ce wannan abu zai tsayar da mutuwar mata. Matata, uwar Tabawa, ciwon dajin bakin mahaifa ne ya cinye ta, muna ta turare muna cewa iska ce. Sa'o'ina duk sun tafi, ni na rage in ba da labari.

Yanzu doka ce, mace ba ta kasa kaya sai da tambarin gwaji a tafin hannu. Yau na raka 'yata Tabawa, mai daddawa. Ta shiga bayan labule da ɗan tsinken auduga, kafin in shanye furata injin ya buga mata ja.

"Baba, shi ke nan, zan bi Inna," ta ce.

Jami'ar lafiyar da ke wurin ta ce, "Haba Yaya, ƙwayar cutar kawai aka gani, da wuri. Yau za a duba ki, a yi maganin abin."

Kafin la'asar an gama. Alhamdulillahi har na gaji da faɗa.

Sai dai jan ba ya wankuwa da wuri, kuma masu saye sun koyi duba hannu kafin kaya, suna gudun mai ja. Ni na zauna gaban faifanta ina kiran ciniki, ta sayar tas.

Mai musu ya zo kasuwar Alhamis, ya kalli idona ya ce ƙarya nake!