Maharbin da Ya Gajarta Hancin Bindigarsa

Tun da kun ce mu masu furfurar gefe ba mu iya komai ba sai surutu, to ga surutun, mai so ya ɗauka. An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, mutum mai son yabo, irin wanda in ya harbo zomo sai ya zaga da shi ta kasuwa kafin ya kai gida. Wata shekara ya faɗo daga kan ɗorawa, hannun hagu ya karye. Aka yi ɗori, ƙashi ya kama, amma ƙarfin bai dawo ba. In ya ɗaga doguwar bindigarsa, sai hancinta ya yi ta sunkuyawa kamar mai gaida surukai. Bai gaya wa kowa ba, ya dai sa aka ɗinka masa riga mai faɗin hannu. Ana haka sai wani gwanki ya gano gonar waken da yake nomawa tare da ƙanensa, wadda ita ke riƙe da gidajen biyu in hatsi ya ƙare. Gari kuwa ya zuba ido, don gwanki a gonar maharbi ai abin kallo ne.

Sai ya tafi maƙera. Maƙeri ya jera masa bututun ƙarfe, dogo da gajere, ya yi masa bayanin da shi ma ya sani: dogon hanci yana kai harsashi nesa, ya kai shi daidai, amma sai an tallafe shi da hannu biyu, gajere kuwa hannu ɗaya ya ishe shi, ka ɗana da babban yatsa ka ja kunamar bindiga, sai dai fa dole ka matso har ka ji numfashin dabba. Maharbi ya gyara hula, ya ce dogon hanci na matsorata ne masu harbi daga wata unguwa, shi namiji ne, a yanka masa taƙi ɗaya. Maƙeri ya dubi hannun rigar nan na hagu, ya dubi ƙasa, ya yanka, ya haɗa masa sabuwar bindiga. Bindiga ta yi kyau, ba laifi, ya soke ta a ɗamara yana tafiya yana waiwayen masu kallonsa. Amma gwanki ba ya halartar kasuwa. Dabba ce mai kunne da hanci, ba ta yarda a matso ta. Maharbi ya yi rarrafe cikin raɓa har gwiwa ta saɓule, ya saki wuta, hayaƙi ya tashi, harsashi ya faɗi a tsakiyar kunya. Gwanki ya ɗaga kai, ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya tafi ba gaggawa. Haka aka yi ta yi. Ya koma ga doguwar a ɓoye, ya kafa mata gwafa, amma gwafa ba ta juyawa in dabba ta juya. Wake ya yi ta ragewa daga gefen daji, masu gaishe shi a hanya suka fara tambayar lafiyar gwanki. Wata safiya ya zauna gindin kalgo, gajeriyar bindiga a cinya, yana kallon yabanyar da aka tattake, ya rasa wanda ya fi masa ciwo, yunwar da ke tafe ko faɗin gaskiya.

Ƙanen nan kuwa manomi ne shiru-shiru, tun suna yara ko tsawa aka yi sai ya shige bayan uwarsu, kuma yayan bai taɓa barin ya manta ba. Shi ne ya zo a wannan safiyar, ɗauke da doguwar bindigar a rungume kamar jariri, ya cusa auduga a kunne. Bai dubi hannun hagun yayansa ba, bai ambace shi ba. Ya durƙusa gaban yayansa, ya ba shi baya, ya ce, "Yaya, gwiwata ke ciwo, zan ɗan huta a nan. In bindigarka na neman wurin jingina, kafaɗata ba aikin da take yi." Maharbi ya karɓi doguwar bindigar. Ya ɗora hancin bindiga a kafaɗar. Da gwanki ya ɓullo daga nesa yana kiwo, ƙanen ya bi shi da jiki a hankali, ya ɗauke numfashi, kafaɗa ta tsaya cak kamar dutse. Harbi ɗaya aka yi.

Da aka shigo da nama gari, maharbi ya ba da labari yadda ya saba, har ƙahon gwanki ya ƙara tsawo a bakinsa, ya ce ƙanen dai ya zo kallo ne. Ƙanen bai musa ba, don ma bai ji ba: audugar kunnen dama ta faɗi kafin harbi, kunnen ya toshe, sai kuwwa yake yi. Da mutane suka watse, maharbi ya zagaya ta wannan gefen, ya sunkuya daidai toshasshen kunnen, ya ce a hankali, "Na gode, ɗan uwana, ka rufa min asiri." Ƙanen ya ce, me ka ce, Yaya? Maharbi ya ce cewa na yi ka gyara zama, ka danne min riga. Wake dai ya nuna a wannan shekarar, gidajen biyu suka ci. Ai masu magana sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.