Taɓaryar da ta ji tausayin turmi

Akwai wata mai haɗa katun, wato zane mai motsi, a kwamfuta, wata ƙungiya ta ba ta aikin ɗan gajeren fim na koya wa iyaye mata haɗa kunun yaye. Aikinta na farko ke nan ita kaɗai, an kuma gaya mata in bai yi ba wani za a ba. A sana'ar tasu, mai aiki yakan kafa inda hannun mutumin da aka zana zai tashi da inda zai tsaya, manhaja ta cike tsakani. In an bar manhajar da kanta, gudu ɗaya take yi tun daga farko har ƙarshe, motsin ya fito sandararre. Amma akwai wani layi a cikin manhajar da ake lanƙwasawa, sai hannun ya tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali. Mai haɗa katun ɗin ta gwada shi a inda uwar cikin fim ɗin ke kwantar da jaririnta, abin ya yi kyau ƙwarai. Daɗi ya kwashe ta, ta tattara duk motsin da ke fim ɗin ta yi musu lanƙwasa iri ɗaya.

Ranar da ta nuna wa shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa, aka zo wurin dakan gero. Taɓarya ta taho da ƙarfinta, tana dab da turmi sai ta rage gudu, ta sauka kamar ana ajiye ƙwai. Dattijuwar ta yi dariya har da share hawaye, ta ce, "'Yata, wannan daka take yi ko lallashin turmin take? Je ki gyara ki dawo."

Ta koma ta bi motsin ɗaya bayan ɗaya, tana auna nauyin kowanne a ranta. Taɓaryar, sai ta sa ta ɗan dakata a sama, ta ƙara gudu tana saukowa, ta tsaya cak a cikin turmi. Kunun da ake tsiyayawa ta bar shi ya zuba bai ɗaya. Jaririn kuwa ba ta taɓa shi ba. Da aka sake kallo, ko sauti ba a sa ba tukuna, sai ta ga kan dattijuwar yana kaɗawa daidai da bugun taɓarya. Tun kafin a yi magana ta san aikin ya karɓu.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.