Sunayen da ke Carbin Kakata

Ina ɗan shekara tara na taɓa yi wa kakata gyaran tasbihi. Bayan la'asar ne, a tsakar gidanmu na unguwar Hindawiyya a Saudiyya, tana jan carbinta na ƙwallon dabino. Na kasa kunne, sai na ji ba subhanallahi take faɗa ba.

Na ce, "Kaka, kin yi kuskure. Ustaz ya ce ba haka ake yi ba."

Ta ce, "Zauna nan, maigida."

Ta ɗora yatsana a kan ƙwallon farko. "Wannan Dije ce, yayar babana. Ƙishirwa ta kashe ta kafin su kai tafkin Cadi. Wannan Iro ne, jariri, a Sudan aka binne shi, ko alama ba a sa ba."

A ranar na san cewa da Nasara suka ci garinsu, iyayenta da ƙafa suka taso gabas, hanyar Makka, kuma ba duka suka iso ba. Ta lissafa min mutum goma sha ɗaya.

Ta ce, "Nasara bai rubuta su ba, nan ma ba su taɓa yin iƙama ba. Bakina ne kabarinsu."

Yau carbin yana hannuna. 'Ya'yana da Larabci suke amsa min, kuma duk Juma'a in na ɗauko shi sai sun ce, "Halas, ya Baba." Ba na sakinsu sai sun faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ko harshe zai karye. Yanzu sha biyu ne. Ni na ƙara nata.