Masai Ya Kawo Kore

Tun da aka saka sabon masai a kowane gida, aka daina bin layin asibiti don a duba hanji da bututu. Mutum ya kewaya kawai, fitilar bango ta ba shi amsa: kore lafiya lau, ja a ga likita.

Bara fitilar Baba Ilu ta kawo ja. Ya tuna yayansa Mamuda, wanda kunyar bututu ta hana shi gwaji har ciwon daji ya cinye shi, sai ya daure ya je. Aka cire ɗan tsiro tun bai zama komai ba.

Yau da hantsi ya fito daga bayi, buta a hannu, yana ƙwala wa matarsa kira.

"Tabawa! Ta kawo kore! Kore shar!"

Ta saki muciya ta rangaɗa guɗa.

Ya zura takalmi sai wurin Sale mai balangu, wanda doka ta hana ya sayar masa da nama tun bara. Kafin ya buɗe baki, Sale ya miƙo ƙunshi mai zafi.

"Barka, Baba. Yanzun nan sunanka ya fito da kore a wayata."

Baba Ilu ya yi turus. Sai ƙamshi ya bugi hancinsa.

"Ƙaro yaji," in ji shi.